Sakin Layin da Kinanti Ba Ta Kai Ba

Kinanti ta kawo mini takardun ranar wata Asabar a watan Afrilu, bayan la'asar. 'Yar ƙanina ce, ma'aikaciya a ofishin noma na garin Demak, shekararta talatin da huɗu. Ta jingine babur ɗinta a gindin mangwaro, ta sumbaci hannuna da na matata Marsih, ta ajiye ledar lumpia, soyayyen naɗin fulawa irin na garinmu, a kan tebur, sannan ta zaro takardu uku daga jaka.

"Pakde, duba mini wannan. Ni dai na gaji." Pakde take kirana, wato wan uba a harshenmu.

An ba ta tallafin karatun digiri na biyu a Ostireliya, a kan gonakin shinkafar da ruwan teku ke cinyewa a gaɓarmu. Sharaɗi ɗaya ya rage: ta kai sakamakon jarrabawar Turanci kafin ƙarshen Agusta, da maki shida da rabi a kowane ɓangare. Ta zauna sau ɗaya a Fabrairu. Ta haye a sauraro da karatu da magana, amma a rubutu biyar da rabi ta samu. Masu tallafin ba sa ɗaukar wanda ya cika talatin da biyar, ita kuma a Nuwamba za ta cika.

Saboda haka ta shiga wani aji a nan Semarang, kowace Asabar da safe. Malamar, Yovita, takan ba su tambaya su rubuta amsa a gida, ta mayar musu a mako mai zuwa. Abin da ta mayar ne Kinanti ta shimfiɗa a gabana.

Na sa tabarau. Ba a gyara ko jimla ɗaya ba. Tambayoyi ne kawai a gefen takarda, da koren alƙalami. A saman ta farko: Ke me kike gani? Ki faɗa tun a nan. A tsakiya: Misali? A ƙasa: Minti nawa wannan ya ɗauke ki? Ta biyu da ta uku ma kusan haka.

"Kin biya kuɗi don a yi miki tambaya?" na ce.

"Abin da na ce ke nan. Na je neman amsa, na dawo da tambayoyi."

"Shekararta nawa, malamar?"

"Ba ta kai talatin ba."

Marsih ta shigo da shayi ta ajiye. "To, an samu aiki. Tun da ya yi ritaya kurciyoyinsa kaɗai yake gyara wa kuka. Nduk, 'yata, ki yi hankali, har takardar cefane idan na bari a kan tebur sai ya sa mata aya."

Shekara ashirin da shida na yi ina tace labarai a wata jaridar Turanci a Jakarta. A teburinmu ba a mayar wa ɗan rahoto da rubutunsa. Babu lokaci. Labari ya iso ƙarfe huɗu, ƙarfe shida ana son shafi. Ka ɗauka, ka gyara, ya fita da sunansa. Washegari ya karanta ya ji daɗi, ya ɗauka haka ya rubuta. Wasu sun yi shekara goma suna ɗauka haka. Mu a teburin muna alfahari da cewa ba a ganin hannunmu.

Na karanta rubutun Kinanti, na gane ciwon nan take, don na gan shi sau dubu. Tana rubutu yadda aka koya mana magana a gaban manya. Sai ta gaishe da tambayar, ta kawo abin da waɗannan suka ce, ta kawo abin da waɗancan suka ce, ta ba kowa haƙƙinsa. Can a sakin layi na ƙarshe, a hankali, ta faɗi nata ra'ayin. Kuma ra'ayin mai kyau ne. Yana kwance ne kawai a inda mai karatu ya riga ya gaji.

Na ɗauki fensir na zagaye sakin layin ƙarshe, na ja kibiya zuwa sama. Na datse jimloli huɗu. Inda ta ce manoma na shan wahala, na sa misalin wani ƙauye da ta taɓa ba ni labari, wanda masallacinsa ya nutse har taga. Minti goma sha biyu. Na miƙa mata.

Ta karanta, ta ɗago. "Ni na rubuta wannan?"

"Ke mana. Na share ƙura ne kawai."

"To yaya zan riƙa yi?"

A nan na faɗi abin da nake faɗa wa sababbin 'yan rahoto. "Ki rubuta yadda kika saba. Saura aikina ne."

Daga ranar muka samu tsari. Laraba ta aiko mini da hoton rubutun a waya. In buga shi a tsohuwar kwamfutata, in gyara, in mayar mata kafin Juma'a. Ta kwafe da hannunta, don in ji ni haka Turanci ke shiga jini, ta kai wa Yovita ranar Asabar. Tun daga mako na biyu babu sauran kibiya, babu zagaye. Tsaftataccen shafi kawai take gani. Ban ɗauke shi a matsayin maguɗi ba, ita ma haka. Ra'ayin nata ne, misalan daga bakinta na ji su.

Koren alƙalami ya fara ja da baya. A Mayu tambaya ɗaya ko biyu. A Yuni kalma ɗaya a ƙasan shafi: Madalla. Kinanti ta daina cewa ta gaji. Ta sayi rigar sanyi a hannun wata da ta dawo daga Ostireliya, ta kawo ta nuna wa Marsih, ta sa ta a cikin zafin Semarang har gumi ya keto mata. Da ta tambaye ni wace rana za ta zaɓa, na ce ta ɗauki ta Agusta, don ta ƙara samun makonni.

A tsakiyar Yuli ajin ya shirya gwaji irin na ranar jarrabawa, da agogo. Kinanti ba ta je ba. Ruwa ya fasa shinge a yankin Sayung, ofis ya tura ta ƙirga gonakin da suka tafi. Asabar ta gaba babur ɗinta na wurin gyara, sai na je ɗauko ta. Ina tsaye a baranda wata siririyar mace ta fito, da koren alƙalami a aljihun riga. Yovita ce, ta kira ni Pak, kamar a ce Baba.

"Pak, kai ne Pakde ɗin da nake jin labari?"

"Ya danganta da labarin, Mbak," na ce, yadda ake kiran matashiya da girmamawa a wurinmu.

Ta yi murmushi kaɗan. "An ce ka yi aikin jarida. Ya nuna. Rubutun da Mbak Kinanti ke kawowa ya fi nawa. Wata biyu ke nan ba ni da abin cewa a kai."

"To ai shi ke nan."

"Shi ne ya dame ni, Pak. Ka yi haƙuri, ba raini ba ne. Ko za ka bari ta kawo mini guda ɗaya ɗanye? Wanda ta rubuta cikin minti arba'in, babu wanda ya taɓa. Guda ɗaya kawai."

Na dube ta. Lokacin da na fara tace labarai ba a haife ta ba. Na ji kamar an ce in aika shafi gidan ɗab'i ban karanta ba.

"To, Mbak. Za mu duba."

A wurinmu wannan a'a ce, kuma ta sani. Ta ɗan sunkuyar da kai ta koma ciki.

A mota Kinanti ta ce, "Ta yi mini maganar ni ma. Kunya nake ji, Pakde. Bayan duk wannan yabon in kai mata tsumma?"

"Ba sai kin kai ba. Saura mako uku. Kada a rikita ki."

Ranar tara ga Agusta ta zauna jarrabawar. Daga can gidanmu ta wuto, da azahar. Marsih ta zuba mata miyar soto. Ta ci rabi ta ajiye cokali.

"Me suka tambaya?" na ce.

"Wai gwamnati ta zuba kuɗi a jirgin ƙasa ko a tituna. Me nake gani."

"Mai sauƙi."

"Mai sauƙi. Na kawo hujjar masu jirgi. Na kawo ta masu titi. Ina cikin kwatanta su aka ce a ajiye alƙalami."

"Naki ra'ayin fa?"

"Yana ƙarshe, Pakde. Kamar kullum."

"A gida minti nawa kike yi?"

"Awa ɗaya da rabi. Wani lokaci biyu."

Wata huɗu ina karɓar rubutunta, ban taɓa tambaya ba. Tambayar tana ƙasan takardar farko da ta kawo mini.

Sakamako ya fito ranar ashirin da biyu ga wata. Sauraro bakwai da rabi, karatu takwas, magana bakwai. Rubutu shida. Jimlolinta sun gyaru, kwafin ya yi wannan amfanin. Rabin maki ya rage. Ko da ta sake zama a makon, sakamakon ba zai fito ba sai Satumba ta kama. Ta rubuta wa masu tallafin tana roƙon mako biyu. Suka amsa da ladabi, a layi uku, cewa gurbin ya koma ga na gaba a jeri.

Ba ta zo ba wata guda. Ƙanina ya kira ya gode mini da ɗawainiya, ya ce rabo ne bai yi ba. Na ce haka ne.

Wata safiya na buɗe kwamfutar na jera hotunan da ta aiko, guda goma sha bakwai, kowanne kusa da wanda na mayar. A duka goma sha bakwai ra'ayinta yana sakin layi na ƙarshe. A duka goma sha bakwai na ɗauke shi na kai sama. Na ƙarshen, na biyu ga Agusta, bai bambanta da na Afrilu ba a wannan wajen. Abin da ya kamata in faɗa mata bai wuce jimla ɗaya ba, kuma yarinyar nan Yovita ta riga ta rubuta ta da koren alƙalami kafin in sa hannu.

Marsih ta tsaya a bayana da tsintsiya. "Me kake nema?"

"Ina ƙirgawa ne."

"Ka ƙirga ka gaya mata, ko ka ƙirga ka rufe?"

Ta ci gaba da shara.

Na gaya wa Kinanti a Oktoba, da dangi suka zo saukar Alƙur'ani ta tunawa da mahaifiyarmu. Na same ta a bayan gida tana jera kwalayen abinci na baƙi. Na faɗa a taƙaice, kamar yadda ake gyaran kuskure a shafi na biyu na jarida: abin da na yi, da abin da malamar ta roƙa, da amsar da na ba ta.

Ba ta daina jerawa ba. "Ni ma ina gani kana mayar da shi sama, Pakde. Na ɗauka haka ake yi. A rubuta, sannan wani ya tsara."

"A jarida haka ake yi."

"To ai ba ka yi ƙarya ba." Ta miƙo mini kwali biyu. "Kai wa su Pak Lurah mai unguwa, suna ƙofa."

Rigar sanyin, na ji daga bakin Marsih, ta ba wa wanda ya samu gurbin. Ɗan ofishinsu ne na garin Kudus, ta san shi.

A Disamba Kinanti ta sake jingine babur a gindin mangwaro. Ta sumbaci hannuna, ta ajiye lumpia, ta fito da shafi biyu. Wasiƙa ce da Turanci zuwa wata ƙungiyar ƙasar waje, ofishinsu na neman injinan janye ruwa guda shida don ƙauyuka uku. Na karanta. Tarihin gaɓar yana farko, da godiya, da bayanin damina. Injinan suna layi na uku daga ƙarshe.

Na ɗauki fensir. Ban zagaye komai ba. A saman shafin na rubuta: Me kike so su ba ki? Ki faɗa tun a nan. Na tura mata.

Ta karanta, ta yi 'yar dariya. "Ka koma Mbak Yovita."

"Zauna ki sake. Ga shayi. Ba sauri nake ba."

Ta dubi agogon wayarta. "Ni ina yi. Shugabanmu na so ya sa hannu ƙarfe biyar, gobe ake rufe karɓa. Ba jarrabawa ba ce, Pakde, babu mai ba ni maki. Gyara mini kawai."

Ƙarfe uku da kwata ne a lokacin. Daga nan zuwa Demak awa ɗaya ne idan ruwa bai hau titi ba. Na jawo shafin, na zagaye layi na uku daga ƙarshe, na ja kibiya zuwa sama. Minti tara ya ɗauke ni. Tana tsaye a bakin kejin kurciyoyi, tana amsa waya, har na gama.