Sakatar Bindigar Jalo

"Sake buga shi, ban ji da kyau ba," in ji Baba Zakariya.

Hadi ya ɗaga ƙarfen ya sake ƙwanƙwasa shi a jikin injin niƙan da ke gefen rumfar. Tsohon ya karkata kai, ya lumshe ido kamar mai sauraron hadari daga nesa.

"Muryarsa ba laifi," ya ce. "Amma murya ba shaida ba ce. Ai da daɗin baki ka auro Furera, ga shi yanzu tana da-na-sani."

Hadi ya yi dariya, amma zuciyarsa na kan ƙarfen. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na tsohon a Gwarzo, shekara goma sha ɗaya ke nan. Baba Zakariya mutumin Zonkwa ne, tsohon soja, ya yi rabin rayuwarsa a ma'ajiyar makamai yana gyaran bindigogi. Da ya yi ritaya sai ya biyo 'yarsa Judith da ke koyarwa a firamare, ya kafa rumfa a ƙofar gida yana gyaran keken ɗinki da injin markaɗe. Amma maharba da 'yan sintiri, daga Getso har Kabo, wajensa suke kawo nasu. In Sajan, kamar yadda suke kiransa, ya ce ƙarfe ya yi, to ya yi. Ba a taɓa jin ƙarfen da ya duba ya ci mutum ba.

Bindigar da ke kwance a kan buhu a gabansu ta kakan Hadi ce, Jalo, wanda ya je yaƙin Bama ya dawo da ita da tabo a wuya. Tun Hadi na yaro take rataye a ɗakin kakarsa a Garo, bebiya, domin ƙarfen nan da ake ja baya a tura gaba ya kulle harsashi, wanda Baba Zakariya ke kira sakata, ya ɓace tun kafin a haife shi. Bana ɓarayi sun kore wa kawunsa shanu biyu. Wannan ne dalilin da Hadi ke faɗa wa mutane. Dalilin da ba ya faɗa shi ne, tun yana ƙarami yake mafarkin ranar da zai ji muryar bindigar kakansa.

A waya ya samo sakatar, a wani zaure da ake tallan tsofaffin kayan soja, hulunan kwano da lambobin yabo da bel. Mai kayan bai taɓa nuna fuskarsa ba. Hotuna ya turo, da bidiyon hannu yana jujjuya ƙarfen a rana, ya rantse na zamanin Turawa ne. Jiya direban Kano ya kawo shi a kwalin taliya, naɗe da tsohuwar jarida.

"To, aro mini idonka," in ji tsohon. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo, ciwon suga kuma ya kashe masa kan yatsu. Ba ya son a yi zancen. "Duba wajen mariƙin. Akwai ɗan tambari kamar sawun kaza?"

"Akwai, Baba."

"Kambi fa?"

"Ga shi nan, da lambobi a ƙarƙashinsa."

"Tambari kowane maƙeri zai iya bugawa. Tsatsa ma, ruwan gishiri da kwana bakwai a ƙasa sun isa. Saurara da kyau, ɗan Fulani. Na gaske daga dunƙulen ƙarfe ake sassaƙo shi. Na jabu narka shi ake yi a zuba a mazubi, kamar tukunyar dalma. Duk yadda suka goge shi sai ya bar wani siririn layi daga sama har ƙasa, kamar ɗinkin riga. Fita rana ka juya shi a hankali."

Hadi ya fita rana. Damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsayi a bayan gidaje, hantsi ya faɗo tas a kan ƙarfen. Ya juya shi sau ɗaya, bai ga komai ba. Ya juya na biyu, sai ga shi: wani zare-zaren layi, siriri kamar gashin jariri, yana bayyana yana ɓacewa in an karkata. Nan take ya ce wa ransa ai ƙila ƙarzuwa ce, ƙarfen da ya shekara tamanin dole ya yi tabo. Ya tuna watannin da ya yi yana nema. Ya tuna ya riga ya gaya wa kakarsa cewa bindigar Jalo za ta yi magana kafin kaka.

"Akwai layi?" tsohon ya tambaya daga inuwa.

"Babu, Baba."

"Ka duba da kyau?"

"Na duba. Sumul yake."

Baba Zakariya yana da ƙa'idar da kowa ya sani. In yana da kokwanto a kan ƙarfe, a jikin bishiya yake ɗaure bindigar, ya ɗaura igiya a kunamarta, ya koma bayan tudu ya ja. In kuwa ya amince, shi zai fara harbawa da kafaɗarsa kafin ya miƙa wa mai ita, don a cewarsa bai halatta ka ce wa ɗan wani abu lafiya yake ba alhali kai kana tsoronsa. A ranar, igiyar na aljihun rigarsa. Hadi na kallo ya ciro ta ya rataye a ƙusar rumfa.

A babur suka tafi wani tsohon rami a hanyar Garo, inda aka taɓa haƙar jar ƙasa don titi. Ruwa ya kwanta a tsakiyarsa, balbelu na tsaye a baki. Duk tsawon hanyar maganar layin na ran Hadi. Sau biyu ya rage gudu zai faɗa, sau biyu ya ce bari su isa tukuna. Da suka isa kuma tsohon ya riga ya shiga nishaɗi, yana shafa katakon bindigar yana yi mata kirari da wani harshe da Hadi ba ya ji.

"Matsa baya, ka toshe kunnenka. Tsofaffi biyu za su gaisa."

Ƙarar ba irin wadda Hadi ya yi mafarkinta ba ce. Gajera ce, mummuna, kamar an fasa tulu a cikin kansa. Balbelun suka tashi. Da hayaƙin ya washe, sai ya ga Baba Zakariya zaune a ƙasa, ƙafafu a miƙe kamar yaro mai wasa, bindigar ta rabe a cinyarsa. Hularsa na can nesa a kan ciyawa. Gefen fuskarsa na dama ba ya nan yadda Hadi ya san shi.

Hadi bai yi ihu ba. Ya tsaya yana kallon hular, yana tunanin ya kamata a ɗauko ta kada ta jiƙe. Sai da tsohon ya kife a hankali sannan ƙafafunsa suka tuna aikinsu.

Wani mai a-kori-kura da ya ɗauko taki ne ya kai su asibitin gari. 'Yan sanda suka kwashe abin da ya rage na bindigar, suka riƙe Hadi wuni guda, sai da mai unguwa ya tsaya masa. Lambar wanda ya sayar da sakatar ta daina shiga, zauren ma an cire Hadi daga ciki. Furera ta jiƙa rigarsa a baho har sau uku, ruwan bai daina yin ja ba.

Washegari tsohon ya farfaɗo. An naɗe masa kai, ido ɗaya kawai da baki aka bari, kunnuwan duka biyu sun mutu. Yana magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa, har na gadon ƙarshe na jiyo shi. Da ɗan sanda ya zo da takarda, abu ɗaya ya yi ta maimaitawa.

"Ni na duba ƙarfen. Ni na ce ya yi. Idona ne ya ci amanata. Ku rabu da yaron nan."

Hadi na tsaye a bakin ƙofa da kwanon kunun da Furera ta damo. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da la'asar Judith ta fita sayen magani, ya samu tsohon shi kaɗai. Ya durƙusa a gefen gadon, ya kama hannun nan mai kanta.

"Baba, na ga layin. Wallahi na gan shi. Na ce maka babu."

Idon ɗaya ya tsaya a kan leɓensa. Hadi ya sake faɗa, ya ƙara faɗa, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce da wannan babbar muryar, "Ka rame. Je ka ci abinci."

Kwana uku tsohon ya yi. Ana shirin kai shi Kano ya cika, da rana tsaka, Judith na gyara masa matashi.

Unguwa ta girgiza. Aka kafa rumfa a ƙofar gidan, mutanen cocinsu a kujeru, maƙwabta a tabarmi, mata na shiga da fita da kwanukan abinci. Maharba suka zo daga Getso da Kabo. Hadi na zaune a cikinsu kamar gunki, yana jin abin da ake faɗa ƙasa-ƙasa.

"Tsufa ba ta da magani," in ji Abdulmumini, shugaban 'yan sintirin Garo. "Da ya ajiye aikin nan tun da idon ya tafi."

"Ni ma bara da ya duba mini tawa, sai da na ɗan yi shakka," in ji wani.

"Allah dai ya kiyaye. Da wani ya miƙa wa fa?"

Mutanen da jiya-jiya suke rantsuwa da hannun Sajan.

Ranar da za a tafi da gawar Zonkwa, da hantsi, motar ta tsaya a ƙofar gida an buɗe bayanta. Akwatin na zaure a kan benci biyu. Judith ta fito da baƙin ɗankwali, idanunta sun kumbura, ta tsaya kusa da Hadi tana jiran direba ya gama ɗaure kaya.

"Malam Hadi, mun gode. Kai da Furera kun yi mana abin da dangi ba su yi ba." Ta gyara ɗankwalinta. "Mutuwa ta kowa ce. Abin da ke cin raina shi ne abin da ake faɗa. Mutumin da ko allurar keke bai taɓa sa wa mutum ta banza ba, yau shi ake cewa ya rikice. Da wannan za a tuna da shi a garin nan."

Hadi ya ji muryarsa ta fito tun kafin ya yanke shawara, kuma ta fito da ƙarfin da duk rumfar ta ji.

"Malama, bai rikice ba. Ya san abin da ake dubawa, ya gaya mini, ya tura ni rana in duba masa. Ya ce in akwai layi a jikin ƙarfen, jabu ne. Na ga layin. Na ce masa babu, don ina son bindigar ta yi. Sau biyu ya tambaye ni. Da na faɗi gaskiya, da igiya zai ja daga nesa."

Abdulmumini ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka. Furera na bakin ƙofarsu, gefen mayafi a bakinta.

Judith ba ta motsa ba. Ta kalli Hadi kamar yau ta fara ganinsa, kamar wani baƙo ne ya shigo da fuskar maƙwabcinta. Ya jira mari, ya jira zagi, har yana fatan su zo.

"Kai ka duba masa," ta ce a hankali.

"Ni ne."

"Ke nan ya san ya tambaye ka." Ta juya ta kalli zauren. "Kwana uku ina zaune a kansa. Ya yi zancen mamata, ya yi zancen gonarsa ta gida, har keken ɗinkin Hajiya Zubaidatu ya ce in tuna in mayar mata. Bai taɓa cewa ya tambayi kowa ba."

Hadi ya durƙushe a wurin, kukan da ya ƙi zuwa tun bakin ramin nan ya taho masa gaba ɗaya. Ba wanda ya ce ya yi haƙuri. Direba ya gama ɗaurinsa ya tsaya yana jujjuya makulli a hannu.

Maza biyar daga coci suka shiga zauren, suka tsaya a gefen akwatin suna duban juna, saura mutum ɗaya. Judith ta share fuskarta da bayan hannu. Ba ta kalli Hadi ba da ta yi magana.

"Ban ce na yafe ba. Ban san me zan ce ba tukuna. Tashi ka kama ta wajen kai, nan ya fi nauyi."

Ya tashi ya kama. Suka fito da shi a hankali, suna sunkuyawa a ƙofar zauren, suka tura shi cikin motar tsakanin buhun masara da jakar kayan Judith. Aka rufe. Motar ta bi layin tana kauce wa kwatami, ta sha kwana wajen masallaci.

Mutane suka fara naɗe tabarmi. Hadi na nan tsaye a tsakiyar hanya, hannayensa a buɗe. Fentin akwatin bai gama bushewa ba, ya bar masa shaida ruwan ƙasa a tafukan biyu, kuma wani ƙuda ya zo ya sauka a kai, ya tashi, ya sake dawowa.