Sunan da Usun Ta Ƙi Amsawa

Tun da aka binne Lawai, matarsa Usun ta ƙi amsa sabon sunanta. A dogon gidansu na bakin kogin Baram, inda duk ƙauyen ke zaune ƙarƙashin rufi ɗaya, macen da mijinta ya rasu ana sa mata Balu a gaban suna. Ita kuwa gani take ranar da ta ce na'am, ranar ce Lawai zai gama mutuwa. Gara ta bar gidan.

'Yarta Ulau, mai aikin kanti a birnin Miri, ta zo tafiya da ita. Kwalekwale na jiran su a gaɓa. Suna ratsa baranda, tsohuwa Asong, wadda ta daɗe da zama Balu, ta ɗago kai daga saƙar tabarma.

"Balu Usun, haka za ki wuce, ko sallama babu?"

Ulau ta juyo a fusace. "Goggo, don Allah ki bari. Innata tana da sunanta. Haka ake mana a Miri, wai mutanen kan kogi duk ɗaya muke, ba mu san komai ba sai giya da farautar alade. Ku ma yanzu kun yi mata kuɗin goro."

"Ji min 'yar birni! Mai faɗa miki haka, ya taɓa ganin ubanki?"

"A'a."

"To ni na yi masa wanka ran da aka haife shi, kunnuwa kamar faifai. Su abin da ba su gani ba suke faɗa. Ni abin da ya same ta na kira."

Sai ta ɗaga murya.

"Balu Bungan!"

"Na'am! Faɗi da sauri, shinkafa na turmi."

"Aban Jalong!" Haka ake kiran wanda matarsa ta rasu.

Yana gyaran taru ya amsa: "Idan tayin aure ne, tsohuwa, na ƙoshi."

Aka fashe da dariya.

"Uyung Ngau!"

Ya leƙo da jikarsa a wuya, yana mata kukan zakara. Uyung, wato wanda ya binne ɗansa na fari.

Asong ta yi ta kira, ƙofa bayan ƙofa, ana ta amsawa har ƙarshen barandar da ido ba ya kaiwa sosai. Usun ta tsaya cak. Tun tana yarinya take faɗin sunayen nan, tana aika yara da su, har zagi ta yi da wasunsu, amma ba ta taɓa jin abin da ke cikinsu ba sai yau. Ashe duk gidan nan kowa na goye da mamacinsa a gaban sunansa, kuma da shi yake daka, da shi yake dariya. Ba wanda aka bari a kabari shi kaɗai.

Asong ta dube ta, ta sassauta murya.

"Balu Usun."

Usun ta buɗe baki. Hawaye suka riga maganar fita.

"Na'am," ta ce.

Ulau ta kama hannunta. "Inna, mai jirgi fa?"

"Je ki ce masa mutum ɗaya zai ɗauka."

Asong ta matsa mata a kan tabarma. "Zauna ki riƙe min bakin nan. Kuma kada ki jiƙa min ita, ban gama ba."