Toka Ya Daina Cin Abinci

Tela da Kafinta katanga ɗaya ta raba gidajensu, amma ko gaisawa ba sa yi, tun rigimar da suka yi kan kwatar da ke malalowa ƙofar Tela. Sai ga shi macen tattabarar Tela, uwar rashin hankali, ta tsallake katangar ta shige kejin Kafinta. Shi kuwa mugun ya rufe ƙofa.

Tela ya aika matarsa, ta dawo da baƙar magana: Kafinta ya ce bai saci komai ba, da fikafikanta ta zo. Tela ya je da kansa, suka zagi juna tas har maƙwabta suka gaji da rabo.

Wanda ya shiga uku shi ne Toka, namijin da aka bari. Tela ne ya raine shi tun yana ɗan tsako, a kafaɗarsa yake zama in yana ɗinki. Yanzu ya daina ci, ya daina kuka, sai ya takure a kan katanga yana kallon gidan Kafinta. Tela ya sayo masa wata macen, Toka ya bi ta da sara har ta yi jini. Matar Tela ta ce a yanka shi kawai kafin ya mutu a banza. Tela ya yi mata wani kallo, ba ta sake ba.

Ranar da ya ɗaga Toka ya ji ƙashi zalla, zuciyarsa ta karaya. Ya naɗe shi a ƙyalle, ya buga ƙofar da ya rantse ba zai sake bugawa ba.

"Ungo, haɗa su," in ji Tela. "Hatsin a jiƙa masa, ba ya son busasshe."

"Kai za ka koya mini kiwo?" in ji Kafinta. Ya fizge tsuntsun, ya rufe ƙofa.

Kwana kaɗan Tela ya ji muryar Toka ta bayan katanga, yana kuka ƙasa-ƙasa irin na da. Daɗi ya kashe shi, baƙin ciki ma haka. Ya jawo keken ɗinkinsa jikin katangar, kullum da safe sai ya tsayar da ƙafa ya saurara.

Kafinta ya leƙo ya gan shi. A ranar ya ciccibi kejin ya mayar can ƙuryar gida.

Har yanzu Tela yakan tsayar da keken, ko da yake ba ya jin komai.