Famfon Ƙofar Kamfani

Tun da mai wanki ta ji a rediyo an ci tarar kamfanin fenti, zama ya gagare ta. Ta fita ƙofar gida, ta dawo, ta leƙa rijiya, ta sake fita. Ruwan yana nan yadda bututun kamfanin ya mayar da shi, jaja-jaja, da maiƙo a sama. Zannuwan gadon otal da take wankewa sun fara fitowa kamar an jiƙa su a shayi, kuma manaja ya riga ya ce in ta sake kawo masa irinsu, wata zai nema.

An ce da kuɗin tarar za a haƙa rijiyar burtsatse. Har wuri ta zaɓa musu a ranta, gefen rumfar mai faci.

Motar haƙa kuwa ta zo. Tana tsakiyar matse zani ta ji ƙuginta, ta fito da kumfa a hannu. Motar ta wuce mai faci, ta wuce kwalbati, ta zagaya katangar kamfanin ta ɓace.

Da yamma ta tare ƙanenta, wanda ke tuƙi a hukumar muhalli, ko takalmi bai cire ba.

"Kai, motarku ɓatan hanya ta yi?"

"Yaya, bari in sha ruwa mana."

"Ga rijiya can, sha."

Ya fara dariya, ya ga fuskarta, ya haɗiye. "Tsarin ne haka. Kaso mai tsoka baitulmali yake tafiya, wani kuma ofishinmu. Ragowar, unguwar da ƙofar kamfani take kallo ake ba."

"Ƙofar ce ta zubo mana dauɗa? Mu da muke bayansa fa?"

"Adireshi ake bi, Yaya. Bututu ba shi da adireshi."

"To ka ce su juyo kamfanin."

"In na faɗa, ni za su juya."

Ta zauna a kan turmi, ta miƙe, ta ɗaga wani zani ta duba, ta jefar da shi cikin baho.

Bayan mako guda ta ari baron mai faci, ta loda zannuwa da baho da sabulu, ta tura. Katangar ta fi yadda ta zata tsawo, ƙafar baron sai kuka take. Ga famfon nan sabo fil a ƙofar kamfanin, da koren allon hukuma a kansa. Matan wurin suka bi ta da kallo.

"Baiwar Allah, daga ina haka da kaya?" in ji wata.

"Daga bayanku," ta ce, ta tara baho.

Zanin farko ya fito fari tas. Ta shanya shi a hannun baro, ta tuntsurar da ruwan wankin a kwata. Kumfar ta bi gindin katanga, ta sha kwana, ta nufi unguwarsu. Ta ɗan bi ta da ido, sannan ta jawo zani na biyu.