Bismillar Kubra

Tun ina yarinya ake kirana Bakin Asusu. Leɓena na sama siriri ne, ga tabon da na samu ranar da na faɗa kan bakin tukunya, in na yi shiru sai ka ce tsagar nan da ake jefa kwabo. Sunana Mairama, amma a garinmu Sara in ka ce Mairama sai an tambaye ka wacce. Na yi aure, na haifi biyu, sunan bai sake ni ba. Ina dariya tare da masu faɗa, amma abin yana ci mini rai.

A shekarar Udoji, da kuɗi suka shigo gari kowa ya sayi rediyo, saukar karatuna ta matso. Shekara bakwai ina zuwa wurin Inna Dada, tsohuwar da ke karantar da matan aure a cikin gidanta. Inna Dada ba ta duka, amma kunnenta ya fi bulala. In ka ja harafin "ba" leɓenka bai haɗu ba, sai ta ce, "Sake. Ba a shiga Alƙur'ani ta ƙofa a karkace." Ranar sauka mata za su cika gida, ni ce a tsakiya da allo, kowa bakina zai kalla. Na ƙudurta a raina cewa ba da wannan bakin zan zauna a gabansu ba.

Mai maganin abin yana nan kusa. Wani Barau ne, ana ce masa Dokta, wai ya taɓa aiki a wani asibiti a Kano. Duk ranar kasuwa yana zuwa da akwatinsa ya kama wata rumfa a baya. A lokacin mutanenmu sun yarda allura ta fi ƙwaya komai ciwonka, shi kuwa har da ta kwalliya gare shi, wadda ke cika leɓe ya yi tuɓus irin na matan fim ɗin Indiya. Ƙawata Kubra, da muke karatu tare, ta yi, mako uku da suka wuce. Na hango ta a bakin rijiya, bakin nan ya cika yana sheƙi, na ce to, ni ma.

Sai da na fara biyawa Birnin Kudu wurin Kawu Hadi, ƙanen mahaifiyata, mai ba da magani a asibiti. Na yi zaton zai yi faɗa. Sai ya cire tabarau kawai ya dube ni.

"Mairama, bakinki ne, ba zan ɗaure ki ba. Amma ki tambaye shi mene ne a cikin kwalbar, kuma jiki yana narkar da shi ko zama yake yi. Ki ga ya dafa allurar da idonki. Sannan ki ce masa, in abin ya ɓaci wa zai cire."

"In ya amsa fa, Kawu?"

"In ya amsa, ki nemi wadda aka yi wa ki zauna da ita. Kada garin neman gira ki rasa ido."

Na ce ai na ga Kubra. Ban gaya masa daga nesa na gan ta ba, ban kuma gaya masa ta daina zuwa karatu ba, don ni kaina ban haɗa abin biyu ba.

Ranar kasuwa na aika wa Kubra ta raka ni. Ta zo da mayafi a kan baki, ta ce mura take yi, hanya duk da kai take amsa mini. A rumfar Barau na jero tambayoyin Kawu kamar mai biya hadda. Kwalbar ba rubutu, abin ciki kamar man gyaɗa. Ya ce maganin Ingila ne. Ya ce ai amfaninsa ke nan, ba ya narkewa, sau ɗaya ake yi har tsufa. Allura kuwa ya goge ta da auduga ya ce an dafa tun da safe. Da na zo kan ta ƙarshe sai ya yi dariya.

"Hajiya, ga shaida a tsaye kusa da ke. Ta ɓaci?"

Amsoshin nan ko ɗaya bai kwanta mini ba, kuma duk da haka na zauna a kan bencin. Mai son abu kurma ne. Na ɗaga kai, na rufe ido, ya riƙe haɓata da hannu ɗaya.

"Yi bismilla," in ji shi.

Ba zan iya ba, yatsunsa na kan leɓena. Kubra da ke riƙe da kafaɗata sai ta yi mini, yadda kowa zai yi wa ɗan'uwansa ba tare da tunani ba.

"Fiswillahi."

Na buɗe ido. Shekara bakwai na Inna Dada suka tashi a kunnena. Na ture hannun Barau.

"Kubra, sake."

"Ke dai zauna a yi."

"Sake, na ce."

Na janye mayafin. Leɓen da na yi wa sha'awa daga nesa ya yi tauri, da wani ƙullutu a gefe kamar ƙwallon dabino, na sama ba ya sauka kan na ƙasa. Ta gwada, iska ta fita ta tsakani. Ta sake gwadawa, sai hawaye.

"Kwana goma sha biyu ban iya ba," ta ce, da ƙyar nake gane maganar. "Ko a salla. Na ce in kin yi, ba ni kaɗai za a nuna."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na so in mare ta. Amma tausayinta ya fi ƙarfina. Na juya wurin Barau na maimaita tambayar da ya yi wa dariya. Ya ce kumburi ne, a sa ruwan ɗumi, yana faɗa yana rufe akwati. Daga ranar ba a sake ganinsa a kasuwarmu ba.

Ban bar Kubra ta koma gida ba. Na aika wa mazajenmu, na ja ta muka hau motar kasuwa zuwa Birnin Kudu, tana cewa kunya, ina cewa kunyar ta jira mu dawo. Kawu Hadi ya kai mu gaban likita. Likita ya taɓa leɓen, ya ce mai ne aka ɗura, ba ya narkewa, sai an tsaga an kwashe abin da za a iya. Kwana tara na yi ina jinyarta, ina ba ta kunu da cokali.

Ranar saukata na zauna tsakiyar mata da bakina na asusu. Na haɗa leɓe na ja bismilla, Inna Dada ta gyaɗa kai sau ɗaya, wanda a wurinta babbar kyauta ce. Kubra tana can baya da mayafinta.

Bayan wata biyu ta dawo karatu. Ɗinkin ya bar mata tabo a daidai inda nawa yake. Tana da izu ashirin a ka, amma ta wanke allonta tas, ta miƙo mini.

"Rubuta mini daga farko."

Na rubuta mata harafi ɗaya. Ta dube shi, ta matse leɓenta har jijiyar wuyanta ta tashi. Sau huɗu iska tana kufcewa. Inna Dada tana gefe, amma ni ce na ce sake. A na biyar leɓen ya haɗu.

"Ba," in ji Kubra.