Jan Haske a Ɗakin Zabi

Da damina ta zauna, zabin Inna Hure suka fara zuba ƙwai, a lokacin kuma ƙwan ya fara ɓata. Ɗakin zabin yana can bayan gida, inda gonar gero ta taso har ta kusa taɓa katanga. Da hantsi Inna za ta leƙa ta ga ƙwai kwance cikin ƙaiƙayi, ta bar su su ƙaru. Kafin la'asar in ta koma, sai gurbi. Ba ɓawo, ba jiƙon komai a ƙasa.

"Da dabba ce ai fasawa za ta yi," in ji Inna. "Wannan hannun mutum ne, kuma mutumin da ya san gidan nan ciki da bai."

Wadda take faɗa wa ita ce 'yarta Tahira, malamar kimiyya a wata ƙaramar sakandare kusa da Tsanyawa. Tun tana yarinya ba ta da abin sha'awa kamar kwance matattun rediyo da tocila, har ƙarƙashin gadonta ya cika da wayoyi da batira. Inna dai Ɗan'auta mai shayi take zargi, don gonarsa ce ke jikin tasu, kuma kullum teburinsa ba ya rabuwa da ƙwan zabi. Ita kuwa Tahira, inda zuciyarta ta nufa ba wurin da za ta iya faɗa ba ne. Yayanta Naziru ya dawo gida tun da shagonsa na Kano ya rushe, ba shi da abin yi sai gona, kuma kusan kullum a bencin Ɗan'auta yake karyawa. Ba ta taɓa ganin ya sa hannu a aljihu ba in ya tashi, har ta fara tunanin ko da ƙwai yake biya.

Ranar kasuwa ta sayo 'yar fitilar leza irin wadda yara ke haska bango da ita. Ranar Asabar ta baje tabarma a inuwar ɗaki ta zazzage kayanta. Ta ciro wani ɗan ƙaramin abu mai kamar ƙwayar wake, wanda ke jin haske, ta haɗa shi da transista na cikin rediyo da 'yar ƙararrawa mai tsuwa da ta cire daga wani tsohon agogo, ta liƙe su da dalma. Muddin jan hasken lezar yana kan ƙwayar, shiru ne. Da zarar wani abu ya gitta ya tare shi, sai ƙararrawar ta ɗauka. Gwajin farko bai yi ba, don hasken rana ya cika wurin, ko ta tare lezar da hannu ƙwayar ba ta sani ba. Sai ta yanko gorar biro, ta naɗe ta da baƙin tef, ta cusa ƙwayar can ciki yadda ba abin da ke isa gare ta sai abin da ya shigo ta baki tsaye.

Naziru ya fito daga ɗakinsa ya tsaya yana kallo.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Na ɓarawon Inna ne, Yaya," ta ce, tana satar kallon fuskarsa.

Dariya kawai ya yi, ya ɗauko guduma. Shi ya kafa katako biyu a gefen ƙofar ɗakin zabin, shi ya riƙe fitilar tana saitawa har jan ɗigon ya faɗa cikin gorar biron. Sun sa shi daidai gwiwa, don zabi su riƙa shige da fice ta ƙasa ba tare da sun tayar da gida ba. Ta ja waya har tsakar gida ta rataya ƙararrawar a jikin rumfa, ta nuna wa Inna inda za ta danna ta kashe ta in za ta shiga.

Kwanaki suka wuce, ƙararrawar ba ta yi ƙara ba, ƙwai kuma bai daina ɓata ba.

"Abin naki ya mutu," in ji Inna.

Tahira ta je ta gitta ƙafa, nan take tsuwa ta cika gidan har awaki suka zabura. Abin lafiyarsa ƙalau. Ta daɗe tsaye a ƙofar tana kallon ɗigon. Da rana ba a ganin zaren hasken a iska, baƙo ba zai san yana nan ba. Wanda ya shiga bai taɓa shi ba, to tsallakewa ya yi, kuma ba mai tsallakewa sai wanda ya san inda yake.

Inna ma ta kai nan da tunaninta, amma ta wata hanya. "Ko yayanki ya yi suɓutar baki wajen mai shayin nan? Kin san shi da hira."

Da yamma Tahira ta tarar da Naziru yana wasa fartanya a zaure.

"Yaya, ka taɓa gaya wa Ɗan'auta inda muka sa fitilar?"

"Ban gaya wa kowa ba."

"To mu uku ne kaɗai muka sani."

Ya ajiye dutsen washin, ya ɗago ya dube ta har sai da ta kau da kai.

"Ashe saboda ni kika haɗa," ya ce a hankali. "Kuma kika bar ni na kafa miki katakon."

"Ban ce haka ba, Yaya."

"Ba sai kin ce ba."

Daga ranar ya daina cin abincin gidan. Inna ta zuba masa, kwanon ya wuni a rufe. Da an yi sallar azahar sai ya ɓace, ba a gona ake ganinsa ba, ba a bencin mai shayi ba. Wannan ya ƙara wa Tahira zargi, ya kuma ƙara mata nauyin zuciya.

Ba ta gaya wa kowa ba ta sake wa abin wuri. Ta bar katakon ƙofa yadda suke, ta mayar da fitilar cikin ɗakin, ta saita hasken ya ratsa ta saman gurbin ƙwan, ƙasa sosai, yadda duk hannun da ya miƙa sai ya tare shi. Sai abin ya koma tashi a banza, duk zabuwar da ta shiga gurbi sai Tahira ta kwasa da gudu ta dawo tana haki. Inna ta ce in ba ta cire shi ba za ta jefa shi a rijiya.

Ranar Lahadi, rana ta take, zabi duk sun bazu cikin gona, ƙararrawar ta ɗauka. Tahira ta leƙa ɗakin Naziru, ba ya nan. Ta nufi bayan gida tana addu'a a ranta Allah ya sa ba shi ba ne. Inna na biye da ita da muciya.

A cikin gurbin wani ƙaton guza ne kwance, jan ɗigon a kan wuyansa, ya ɗaga kai yana haɗiye ƙwai ɗungurungum. Da ya gan su ya ja jiki, ya bi gindin bango, ya shige wani rami da ruwan sama ya zaizaye a bayan tsohuwar randa.

"Innalillahi!" in ji Inna. "Yanzu wannan ne na ɗauki alhakin bawan Allah a kansa?"

Sai ga Naziru ya diro ta kan katanga da fartanya a hannu, rigarsa duk ƙaiƙayin gero.

"Ina yake? Ta ina ya shiga? Ba wanda ya wuce ni!"

Ashe duk ranakun nan cikin geron yake laɓewa yana gadin katangar, yana jiran ya kama mutum da hannunsa. Inna ta nuna masa ramin, ta faɗa masa abin da suka gani. Ya dubi ramin, ya dubi fitilar da aka sauya wa wuri ba da saninsa ba. Ya fita ya kwaɓo ƙasa ya fara toshewa.

Tahira ta durƙusa gefensa. "Yaya, don Allah ka yafe mini."

"Miƙo mini dutsen can," ya ce.

Ta miƙa masa. Ranar ya ci tuwon Inna, amma a zaure ya ci shi kaɗai, kuma sai da aka fara yankan gero kafin ya koma yi mata magana kamar da.