Muryar da Zumuɗi Zai Bi

"Sau ɗaya ake faɗa, 'yata. Sau ɗaya!"

Baba Direba ya buga sandarsa a ƙasa. Ni kuwa ina tsaye a tsakar gida da guntun busasshen nama a hannu, na ce "zauna" har bakina ya gaji, karen sai zagaya ni yake yi yana sansanar bakin rigata.

"Baba, wannan karen naka ba shi da kunne."

"Kunne gare shi har biyu. Ke ce kike zuba kamar rediyo. Ɗaga naman saman hancinsa, ki ja shi baya kaɗan, ki yi shiru."

Na ɗaga. Karen ya bi naman da ido, kansa ya yi sama, sai ga shi zaune.

"Ba shi! Maza, kafin ya manta abin da ya yi."

Na jefa masa, na ruga famfo na wanke hannu da sabulu. Baba ya so ya yi mini dariya, tari ya sarƙe shi.

Gidan haya ɗaya muke, ɗakinsa na kallon shagon ɗinkina. Rayuwarsa duk a kan hanya ya yi ta, yana tuƙa bas, kuma ko da ya ajiye aiki ƙafarsa ba ta koyi zama ba. Daga ƙofa zuwa famfo, daga famfo zuwa bakin titi. A bayan tasha ya tsinci ɗan kwikwiyo ya sa masa suna Zumuɗi, sunan kuwa ya bi shi. Ya yaga shanya, ya kifar da bokiti, ya taɓa guduwa da takalmin mai gidan hayar. Muryar Baba kaɗai ke tsayar da shi, muryar kuma ta soma tafiya. Ciwo ne ya kama shi a maƙogwaro. Mutumin da a da ake jiyo shi daga bakin titi ya koma sai ka matso ka karkata kunne.

Mai gidan ya riga ya faɗa a gaban kowa: ranar da babu mai iya riƙe karen nan, zai kira a zo a ɗauke shi. Duk mun san ba a dawowa daga wannan ɗaukar.

Shi ya sa Baba ya tare ni wata safiya ina buɗe shago.

"Aron murya nake nema."

"Baba, ni fa ko inuwar kare ba na so."

"Ban ce ki so shi ba. Cewa na yi ki yi masa magana."

Haka muka fara, kullum ɗan lokaci kaɗan da safe, ɗan lokaci da yamma, don ya ce kan kare ba ya ɗaukar dogon karatu. Zauna. Kwanta. Bari. Idan na yi tsawa sai ya girgiza kai. "Fasinja ma in kin daka masa tsawa sauka yake yi." Idan Zumuɗi ya ja igiya, sai in tsaya cak kamar turke har ya gaji ya waiwayo, sannan mu ci gaba. Mijina ya ce wai yanzu ba a san wa ake horarwa ba tsakanina da karen.

"Zo" ce ta gagara. Ina kira, Zumuɗi sai ya juya ya kalli Baba tukuna.

'Yar Baba tana zuwa duk ƙarshen mako, ba ta ko ajiye jaka take farawa.

"Baba, likita ya ce gado na jiranka. Me kake jira?"

"Saura kaɗan."

"Saura me? Kare za ka zaɓa a kan ranka?"

Ya juya baya yana gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara. Ta biyo ni shago idanunta jawur. "Yaya, don Allah ki sa baki. Da zan iya ɗaukar karen da na ɗauka, amma kin san yarona da ciwon asma." Na ce zan yi. Da na yi masa maganar, sai ya ce in ɗauko naman.

Ya daina cin abu mai tauri. Wandonsa kuwa na yi ta rage masa ƙugu har na rasa inda zan ƙara kamawa. Duk da haka ba ya zama. Ina ɗinki ina jin ƙwas-ƙwas ɗin sandarsa yana kai da kawowa, farcen kare na biye da shi, ni ma sai in ga layin ɗinkina ya karkace, in farke, in sake.

Ranar da abin ya faru, mai kawo gas ne ya bar ƙofar gida a buɗe. Wata kyanwa ta gilma, Zumuɗi ya fita kamar an harba shi. Titin gabanmu ba ya rabuwa da motoci. Na ga Baba ya buɗe baki, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, babu abin da ya fito sai iska. Ya juyo ya kalle ni.

Na fito da almakashi a hannu. Bakina ya cika da ihu, na haɗiye shi.

"Zumuɗi. Zo."

Ƙafafunsa na gaba sun riga sun sauka kan kwalta. Ya tsaya, kunne ɗaya a miƙe. Wata babbar mota ta wuce, iskarta ta kwantar masa da gashi. Sai ya juyo a guje, ya wuce Baba, ya zo ya yi karo da gwiwoyina har na kusa faɗuwa. Babu nama a jikina. Na durƙusa na riƙe kansa da hannu biyu ina cewa, "Yawwa, yawwa, ɗan banza, yawwa."

Baba ya zauna a kan dakalin famfo. Ban taɓa ganin ya zauna ba tare da an roƙe shi ba. Ya yafito ni, na kai kunne.

"Kira mini yarinyar nan. Ki ce ta zo da mota."

Bai daɗe a asibiti ba. Na je duba shi sau ɗaya, magana ta riga ta ɗauke gaba ɗaya. Ya ɗaga gira yana tambaya. Na ce, "Ya cinye mini tef ɗin awo, amma yana zuwa in na kira." Kafaɗunsa suka girgiza, dariyar ke nan. Wata hantsi ina yankan yadi 'yarsa ta bugo waya, ta ce "Yaya," ta kasa ƙarasawa. Allah ya jiƙan Baba.

Bayan an kai shi makwancinsa mutane sun watse, mai gidan ya leƙo shagona, ya kalli karen, ya kalle ni.

"To, yanzu na waye?"

"Nawa ne."

Ni kaina sai da na ji maganar a kunnena sannan na sani.

Zumuɗi ya yi kwanaki bai huta ba. Ya je ƙofar ɗakin Baba ya kankara, ya je bakin titi, ya dawo, ya sake komawa, abincinsa ƙudaje ne ke ci. Jiya da rana, ina haɗa hannun wata riga, na ji nauyi a kan ƙafata ta hagu. Na leƙa ƙarƙashin teburin. Ya tara ƙyallayen da suka zube ya kwanta a kai, haɓarsa bisa yatsuna, wani jan zare manne a hancinsa yana tashi yana sauka. Ƙafar ta yi mini sanyi har ta mutu. Na bar ta a wurin, na ci gaba da taka keken da ɗayar, a hankali.